Me Shata Zai Yi da Wufa?

Wata Lahadi muna gidan suna a wajajen Randleman Road, an shafa fatiha, an fara shigo da masa da miyar taushe, sai gilasan tagogi suka kama rawa. Wani gurnani ne da ke shigowa ta tafin ƙafa ya haura har ƙirji. Jaririyar da aka raɗa wa suna ta tsanyara ihu daga ɗakin mata. Wani dattijo da ke gefena, wanda bai fi wata biyu da zuwa daga Tawa ba, ya dire kofin shayinsa yana salati, shi a zatonsa ƙasa ce ke girgiza. Na tashi na leƙa in ga ɗan wane ne wannan marar ta-ido, in samu na faɗa a majalisa. Me zan gani? Camry ɗin da ni da kaina na sayo a gwanjo, na gyara da hannuna, na danƙa wa ɗan yayata makullinta.

Na fita da takalmi wari da wari.

"Kawu, zo ka ga aiki!" in ji shi, baki har kunne. Ya buɗe but. Ga wani ƙaton akwati ya cinye wurin kaf, da lasifika biyu a jikinsa kowace kamar faifai, ga amfilifaya an ɗaure a bayan kujera, ga fitila shuɗiya tana walƙiya kamar ɗakin amarya.

Na ce, "Kashe tukuna." Ya kashe. Na ce, "Nawa?"

Ya sosa ƙeya. "Dubu biyu da ɗari huɗu, har da kuɗin aiki."

Dalar Amurka fa yake nufi, jama'a, ba dalar gida mai tamma biyar ba.

"A ina ka samu?"

"Ai ba a take ake biya ba, Kawu. Dala 50 kawai na ba su."

Wannan dala 50 ɗin ita ta sa na zauna rubutun nan. Da shi kaɗai ne, da na ja kunnensa a gida an wuce wurin. Amma ku tsaya a filin ajiye motoci na masallaci ranar Juma'a, ko wajen ƙwallon yaranmu da yamma, ku ƙirga but nawa ne ke ɗauke da irin wannan akwati. Abin ya zama yayi. Ni kuma ra'ayina ba ɓoyayye ba ne: ga mutum irinmu, mai motar neman abinci da uwa a gida tana jiran saƙo, cire kayan sautin da mota ta zo da su a zuba na dubban daloli asara ce tsagwaronta. Shekara 19 ina cikin harkar mota a garin nan, ina saye a gwanjo, ina gyarawa, ina turawa gida. Ban taɓa ganin wanda kuɗin wufarsa suka dawo masa ba, ko rabi.

A daren na ce ya kawo mini takardar da ya sa wa hannu. Bai karanta ba, a waya aka turo masa ya dangwala yatsa. Ashe ba saye ya yi ba, haya ce mai rigar saye. Irin shagunan nan da ke manna takarda a ƙofa cewa ba ruwansu da tarihin bashinka, yawancinsu haka tsarin yake: wani kamfani can daban ne ke biyan shagon, kai kuma kana hayar kayan daga wurinsa har ka gama biya. In ka biya duka cikin kwana 90, farashin bai ƙaru da yawa. In ka wuce, to ka shiga. Tasa takardar ta ce dala 175 duk mako biyu har shekara guda, kuma daga asusunsa na banki za su riƙa zara da kansu. Ku buga lissafin: sau 26 ke nan, dala 4,550. Ba su rubuta kalmar ruwa ko sau ɗaya a takardar ba, shi ya sa yaron ya rantse mini cewa shi bai ci bashi da ruwa ba. Na ce to ɗana, dala 2,150 ɗin da ta hau kai, sunanta me? Zakka?

Yana aiki a wani sito, aikin dare, dala 17 a awa. Dala 4,550 awa 267 ce ta ɗaga kwali, kafin gwamnati ta cire nata. Kusan mako bakwai cur yana tsaye a kan siminti don but ɗinsa ya riƙa gurnani. In ka juya kuɗin zuwa sefa sun haura miliyan 2. Kuma wannan duk a shekarar 2024 ne, shekarar da ambaliya ta yi wa Nijar mummunar ɓarna, jihar Maraɗi kuwa na cikin waɗanda suka fi ji a jika. Katangar gidan uwarsa ta faɗi, ɗaki guda ya tsage. Ta kira ni ta WhatsApp tana tambaya cikin kunya ko lafiya yaron yake, wata biyu ba ta ga saƙo ba, ko aikin ne ya tsaya. Na ce mata lafiya lau, Yaya, abubuwa ne suka ɗan yi masa yawa. Ƙarya na yi mata? Ban yi ba. Abubuwa sun yi masa yawa, suna cikin but.

To a ajiye maganar kuɗi. A ce mutum yana da su, ya biya lakadan. Tambayar da ba wanda ke yi a shagon ita ce: me kake saurare?

Ni na shiga motocin mutanenmu fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma abu na farko da ke tashi in ka murɗa makulli na san shi. Labaran BBC ko RFI. Tafsirin marigayi Malam Ja'afar. Karatun Alƙur'ani. Saƙon murya na minti goma sha biyu daga ƙungiyar 'yan unguwa, wanda aka ɗauka a bakin kasuwa babura na wucewa. In an ce kiɗa, to Shata ne, ko Ɗanƙwairo, ko Ɗanmaraya. Dukkansu murya ce, magana ce. Sauti kuwa kaɗawar iska ne, ana auna shi da yawan kaɗawa a daƙiƙa guda. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga kaɗawa 20 har 20,000. Wufa aikinta can ƙasa ne, daga wajen 80 zuwa ƙasa, inda sauti ya fi kama da duka a ƙirji. Muryar namiji ma daga wajen 85 take farawa ta yi sama, ta mace ta fi haka, kuma abin da ke sa ka gane kalma, wato bambancin baƙaƙe, yana can sama a dubbai. Tsohuwar wayar tarho daga 300 zuwa 3,400 kaɗai take ɗauka, amma da ita aka yi ta ƙulla aure da ciniki shekara da shekaru. Ke nan akwatin nan da ya cinye maka but ba ya taɓa ko gefen muryar Malam.

Kuntigin Ɗanmaraya tsirkiya ɗaya gare shi, ɗan ƙaramin abu ne mai siririyar murya. Ina ruwansa da lasifika mai faɗin faifai? Kalangun Shata magana yake yi, yana hawa yana sauka kamar harshe, kuma a tsakiyar sauti yake zaune. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991. Abin da muke da shi nasu an ɗauke shi ne a faifai da kaset, wani a gidan rediyo, wani a filin biki. Aka kwafa daga kaset zuwa kaset a shagunan bakin kasuwa har ya gaji, aka zuba a memori, aka tura ta WhatsApp, kowane mataki yana matse shi yana zubar da wani abu. Abin da ya zube a hanya, babu amfilifayar da za ta dawo da shi. Abin da za ta yi shi ne ta ƙara wa shuuu ɗin kaset ƙarfi. Na gwada a motar yaron, na sa masa Shata. Wallahi a tsohon rediyona na gareji ya fi daɗi.

Na san abin da matasa za su ce: Kawu, mu ba Shata muke ji ba. Gaskiya ne. Waƙoƙin Hamisu Breaker da na Burna Boy da na mawaƙan gambarar Amurka a kwamfuta aka haɗa su, da gangan aka zuba musu gurnanin ƙasa, kuma wufa tana fito da shi. Wannan na yarda. Amma a ina kake jinsu? A kan I-40, kana gudun mil 65, tayoyi na kuka, iska na bugun gilashi, tirela na wucewa ta hagu. Cikin mota a irin wannan gudun hayaniyarsa kusan dasibel 70 ce tun ba ka kunna komai ba. Daɗin sautin da ka ji a shago, a mota tsayayya, an rufe ƙofa, mai shago ya zaɓo waƙar da ya san tana burgewa, rabinsa a bakin titi zai tsaya. Abin da zai rage maka shi ne ƙarfi kawai. Shi ya sa duk mai wufa hannunsa ba ya barin maɓallin ƙara.

Sannan akwai abin da mai shago ba zai gaya maka ba, ni da nake kwanciya ƙarƙashin mota zan gaya maka. Lambar nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali, wat 2,000, wat 3,000, yawanci ƙarfin da na'urar ke iya kaiwa ne na ƙiftawar ido, ainihin ƙarfinta na yau da kullum yana can a ƙananan rubutu, sau da yawa bai wuce rabi ba. Ko da gaske ne ma, ninka wat sau biyu dasibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunnenka ya ji ƙara ta ninka, sai ka ninka wat sau goma. Wutar kuma daga ina za ta fito? Daga altanetar da kamfani ya auna daidai da fitilu da AC da kwamfutar mota, wadda a ƙananan motoci ba ta cika wuce amfiya 100 zuwa 150 ba. Amfilifaya mai wat 1,200 na gaske, in ta buɗe wuta, ita kaɗai tana iya jan sama da 80. Shi ya sa za ka ga fitilun gaba suna lumshewa daidai da bugun kiɗa. Yaron yana nuna mini wannan da alfahari, wai motar ma rawa take. Na ce a'a, numfashi take ja.

Motocin yanzu kuma ba irin Fijo 504 ba ne da za ka zare rediyo da sukuddireba ka cusa wani. Tun watan Mayu 2018 doka ta wajabta kyamarar baya a duk sabuwar motar da ake sayarwa a Amurka, kuma allon da ke nuna ta shi ne dai rediyon, a wasu motocin shi ne na AC, ta cikinsa ƙararrawar gargaɗi ke fita. Wasu ma suna da 'yan makirfo a rufi masu kashe gunjin inji, in ka haɗa musu wufa ba a sani ba sai motar ta kama wani kuka da babu mai gane kansa. Ka taɓa waya ɗaya, uku su yi fushi. Akwai doka tun 1975 da ta hana dillali soke garantin mota gaba ɗaya don kawai ka sa kayan waje, amma in ya nuna wayoyinka ne suka jawo matsalar, gyaran daga aljihunka zai fito. Inshora kuwa, in ba ka sanar da su kayan ba ka ƙara kuɗi, ranar da aka fasa gilashi aka kwashe, abin da za su ba ka sai ka yi kuka. Kuma za a fasa. Wanda ke shiga unguwa kullum da gurnani ai shela yake wa ɓarayi, har da nuna musu inda yake kwana.

Ranar sayarwa ita ce ranar hisabi. Mu da ke tsayawa a layin gwanjo abin da muke dubawa sananne ne: mil nawa ta ci, takardarta tsafta ce ko ta hatsari, fitilar inji na kunne ko a'a, AC na sanyi. Da zarar na ɗaga bonet na ga jan kebur mai kaurin yatsa ya fito daga batir ya huda bango ya shige ciki, take nake rage tayi, don ban san wane ne ya yi aikin ba, ban san abin da ya yanka ba. Duk dillalin da na sani haka yake yi. A gida ma haka abin yake, har ya fi. Mai sayen mota 'yar Kwatano a Kano ko Maraɗi kalma ɗaya yake son ji: ba a taɓa ta ba. Zai zo da bakanikensa da mai riwaya, su leƙa ƙarƙashin sitiyari, in suka ga tef a jikin waya ciniki ya lalace. In ma akwatin ya isa can ke nan. Na taɓa tura wata da kayan sautinta, don mai ita ya nace. Tsakanin tashar nan da ta can, abin da ya isa wayoyi ne suna reto. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 kuwa, da aka rufe gadar Gaya, muka koma bi ta Lome da Burkina, hannuwan da mota ke ratsawa suka ƙaru.

Duk wannan kuɗi ne, kuɗi kuwa ana mayarwa. Kunne fa?

Hukumar da ke binciken lafiyar ma'aikata a Amurka, NIOSH, ta sa iyaka: dasibel 85 na awa takwas. Duk ƙarin 3, lokacin ya rabu biyu. Wato 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, in ka kai 100 minti goma sha biyar ke nan a yini. Mota mai wufa biyu, an rufe gilashi, wuce 100 wasa ne a wurinta. Yaron nan kuma daga sito yake fitowa, inda injuna suka riga suka ci rabon kunnensa na ranar. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gashi da ke karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa, babu allura, babu rubutun sha. Kuma ɓarnar ba daga gurnani take fara nunawa ba, daga sama take farawa, wajen kaɗawa 4,000, daidai inda baƙaƙe irin su sa da sha da tsa suke. Mutum zai ji ana magana amma ya kasa rarrabe Shata da sata. Ya riƙa cewa "Na'am?" har matarsa ta gaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren kiɗa. Na'urar taimaka wa ji mai kyau dubban daloli ce, kuma ainihin Medicare da tsofaffi ke dogaro da ita ba ta biya. Ka ci bashi ka kashe kunnen, ka sake cin bashi ka nemo shi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne magidanci mai yara. Akwatin yana but, wa ke zaune a jikinsa? Kujerar baya. Kai kana gaba kana gyaɗa kai, ɗan shekara biyu yana ɗaure a kujerarsa, tazarar taku ɗaya tsakaninsa da lasifikar, ba shi da bakin cewa Baba a rage. Kuma ku duba rayuwarmu a nan. Uba na aikin dare, uwa na aikin rana, yara na makaranta, in an dawo kowa da wayarsa. Minti ashirin ɗin nan na kai su makaranta ko islamiyya, a gidaje da yawa shi ne kaɗai lokacin da yaro ke zaune wuri ɗaya yana jin Hausa daga bakin ubansa. Sai mu cike shi da dum-dum, gobe mu zo taron ƙungiya muna kukan yara ba sa jin Hausa. A ina za su ji?

Akwai kuma maganar da ba ma son yi a fili. Mu baƙi ne, kuma baƙaƙe. A watan Oktoba 2015 jaridar New York Times ta yi dogon bincike, kuma wannan gari namu na Greensboro ta ɗauka misali, ta nuna an fi tsayar da direbobi baƙaƙe da caje motocinsu fiye da farare. Garin yana da dokar hana hayaniya, maƙwabci na iya ɗaga waya a kowane lokaci. Wanda takardunsa ke kan hanya, kamar ɗan yayata, me ya kai shi ba ɗan sanda dalilin tsayar da shi kyauta? A Nuwamba 2012, a wani gidan mai a Jacksonville ta jihar Florida, wani mutum ya harbe Jordan Davis, yaro baƙar fata ɗan shekara 17, bayan gardama a kan ƙarar kiɗan mota. Laifin na wanda ya yi harbin ne ɗari bisa ɗari, kuma yana gidan yari har ƙarshen ransa. Amma uwar yaron ba ta samu ɗanta ba. Ƙasar da bindiga ke cikin aljihun mota, ba ka san wa ke tsaye kusa da kai a jan wuta ba.

Duk wannan na zazzage wa yaron a falona, yana zaune a ƙasa, kai a sunkuye. Da na gama ya ɗago ya ce, "Kawu, in yi magana?" Na ce yi.

"Mu biyar ne a gida mai ɗaki biyu. In na dawo da asuba wasu na barci, ko tari ba na iya yi. A wurin aiki lamba ce ni. Motar nan ita kaɗai ce ɗakina. In na rufe ƙofa na kunna, nan ne kawai nake jin ni ma wani ne."

Na yi shiru, don ban da amsa a kusa. Wanda bai yi zaman ƙasar nan shi kaɗai ba ba zai gane wannan ba, ni kuwa na yi. Kuma in za a bi gaskiya, mu manyan ba mu da bakin yi wa yara dariya. Ni nan da kuɗin aikin hutuna na farko na sayi rediyo mai kaset biyu, mai cin batir takwas, ina yawo da shi a kafaɗa a Maraɗi kamar jariri, mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cewa wannan yaro ba zai yi hankali ba. Yau ma mu ne masu ɗinka gezna ta dala ɗari-ɗari don bikin yini ɗaya, mu ne masu liƙi a gaban mawaƙi don a ambaci sunan kakanmu. Akwai kuma alhazan da ke sauke gilashi a filin masallaci su ƙure wa'azi har unguwar ta ɗauka, su a ganinsu lada suke kwasa, alhali maƙwabcin da ke barci bayan aikin dare bai san bambancin wa'azi da gambara ba, Musulmi kawai ya sani sun hana shi barci. Nasihar Luƙmanu ga ɗansa a kan sassauta murya ai ba matasa kaɗai aka karanta wa ba. Duk cuta ɗaya ce, son a san mun iso.

Amma fahimtar dalili daban, yarda da ciniki daban. Wanda ke son motarsa ta zama ɗakinsa ya fi kowa buƙatar kada ta zama ta kamfanin bashi. Kuma ni ban ce kowa ya haƙura da lasifikar da ta fashe tana zizar kamar ƙuda a kwalba ba. Kamfanoni da yawa suna tsuke hannu a ƙananan motoci, lasifikar ƙofa ta takarda ce mai maganaɗisu kamar ƙwandala, bayan shekara goma ta ruɓe. In taka ta mutu, canza na ƙofofin gaba, inda murya ke fita. Ana samun biyu masu kyau daga dala 60 zuwa 150, su shiga ramin tsofaffin ba tare da an yanka waya ko ɗaya ba, kuma a nan ne za ka ji bambanci na gaske a muryar Malam da ta Shata. Mai tuƙin Uber ko Lyft da ke yini awa goma a mota, in tsohuwa ce marar haɗi da waya, ya sa rediyon da zai nuna masa taswira ya bar hannunsa a sitiyari, wannan kayan aiki ne, ban da ja. Kafin ma ka kashe sisi, shiga saitin rediyon ka duba, sau da yawa wanda ya riga ka ya karkatar da sautin duk zuwa baya ko ya ƙure gurnani, gyaran minti biyu ne kyauta. Wanda kuma da gaske kunnensa ke son sauti mai kyau, ya nemi motar da ta zo da shi daga kamfani, Toyota mai JBL, ko Lexus mai Mark Levinson, waɗanda aka auna su daidai da cikin motar. A sabuwa ana cajin kuɗi mai yawa a kansu, amma a gwanjo bayan shekara takwas da ƙyar bambancin ke nunawa a farashi. Wani ya riga ya biya maka. Sharaɗina dai biyu ne: lakadan, daga abin da ya rage bayan an tura na gida, kuma almakashi kada ya taɓa waya.

Yaron bai ji ba, ko in ce takardar ba ta bar shi ya ji ba, kwana 90 sun riga sun wuce. Cikin watan Janairu, ƙarfe huɗu da rabi na asuba, wayata ta yi ƙara. Yana gefen I-40, fitilu sun mutu, mota ta mutu, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Altaneta ce, ta tafi da batir. Na je na ɗauko shi, muka bar motar sai gari ya waye. Daga baya mun cire akwatin, ya sa shi a kasuwar Facebook, tayi mafi tsoka da aka yi masa dala 350 ne, ga shi kuma ba shi da ikon sayarwa sai ya gama biya, tunda a takarda har yanzu kayan haya ne. Yana nan a garejina, a kansa nake zama in ɗaure takalmi. Saura biya tara.

A hanyarmu ta dawowa a daren ban kunna komai ba, ban kuma ce masa komai ba, don wanda sanyi ya daka ba ya buƙatar wa'azi. Mun wuce mahaɗar Gate City Boulevard, titi fayau, sai ya juyo.

"Kawu, motarka ce ke wannan ƙarar?"

"Wace ƙara?"

"Wani siririn fito haka, wiii. Tun ɗazu nake ji."

Na rage gudu na kasa kunne. Na kashe hita, na sake saurarawa. Na ce masa, "Tun yaushe kake jinta?" Ya yi ɗan tunani, ya ce ya kai wata biyu, amma da dare ne kawai, in wuri ya yi tsit.